Garwashin da Na Kai Ɗakin Hadiza

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki.

Wata bakwai ke nan alƙalamina yana kwance, shafin nan da na saba yi muku ado da baitoci ya yi tsit. Duk wanda ya tambaya na ce masa zazzaɓi ne ya kayar da ni da iyalina. Ba zazzaɓi ba ne. Yau zan faɗi gaskiya, ko da kunya za ta hana ni ɗaga kai ranar Juma'a.

Da aka rage mana kwanakin aiki, kuɗin gas kuma ya yi tashin da ya fi ƙarfina, sai na koma ga murhun ƙarfe mai cin itace da muka tarar a falon gidan hayarmu a unguwar Balsall Heath, nan ƙasar Turawa. An share bututun hayaƙinsa, an duba shi. Murhun nan bai yi laifin komai ba.

Sai dai ɗuminsa a falo yake tsayawa, ɗakin kwana a sama kuwa kamar cikin randa. Na tuna yadda mahaifiyata take yi a Zariya: ta ɗebi garwashi a kasko, ta kai ɗaki, ta barbaɗa turaren wuta. Muna da kaskon ƙasa da matata Hadiza ta taho da shi daga gida. Na shiga ɗibar garwashi daga murhu ina haurawa da shi, in ja ƙofa, har 'yar kafar iskar da ke jikin bango na toshe da tsohon zane.

Hadiza ta ce, "Malam, anya kuwa? Gidajen nan fa ba sa numfashi irin namu."

Na ce, "A gindin murhu na girma. Yau kuma Bature ne zai koya mini wuta?"

Ciwon kai ne ya fara, mai nauyi, kamar an naɗa mini rawanin ƙarfe. Sai tashin zuciya da kasala. In na fita aiki ya sake ni, in na dawo ya tarbe ni. Na Hadiza ya fi tsanani, domin ta fi ni zaman ɗakin.

Muka je wurin GP, wato likitar unguwarmu. Ta tambaye ni ko muna ƙona wani abu a gida. Na ambaci murhu, na ce an duba shi. Kaskon ya zo bakina na haɗiye, don kada ta ɗauke ni baƙauye. Hadiza ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Aka ce mu huta, mu sha maganin ciwon kai.

Wannan shirun nawa shi ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina.

Ranar wata Lahadi bayan azahar, Hadiza ta hau sama ta kwanta. Don tausayi na kai mata sabon garwashi, na zauna gefenta da littafi. Sai yayata Binta ta kira daga Manchester.

Ta ce, "Kai Bashir, da girmanka ka fara shaye-shaye? Me ya sami harshenka?"

Na yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fita.

"Ina Hadiza?"

"Barci take."

"Tashe ta in ji muryarta."

Na girgiza ta. Ba ta motsa ba.

Yaya Binta aikin kula da tsofaffi take yi, an koya musu irin wannan. Ta daka mini tsawa: "Buɗe taga! Buɗe ƙofa, ka ja ta waje! Ni zan kira motar asibiti!"

Da rarrafe na isa tagar.

A asibiti aka ɗaura mana robar iskar oksijin, aka ɗebi jini, aka liƙa wa Hadiza wayoyi a ƙirji ana bin bugun zuciyarta. Likita ya ce gubar carbon monoxide ce, iskar da garwashi ke fitarwa, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ya tambayi me muka ƙona. A gaban ma'aikatan jinya na faɗi komai, har zanen. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Da wayar nan ta makara, da wata magana muke yi." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari aka sallame ni. Hadiza ta kwana huɗu.

Asibiti bai karɓi ko kwabo ba, amma wata uku ba ta koma aikinta ba. Ta taɓa tsayawa cikin kanti a Sparkhill tana kuka, ta manta abin da ya kawo ta. A salla lissafin raka'a yakan kuɓuce mata, sai in zauna bayanta ina ƙirga mata. A lokacin baiti ɗaya tak na iya haɗawa:

Na ɗauko ɗumi da hannuna na kai mata,
Ashe ajali na tallabo, Rabbi Ya kau da shi.

Alhamdulillahi, gwajin ƙarshe ya nuna zuciyarta lafiya, tunaninta kuma yana dawowa a hankali. Ta koma aiki.

Yaya Binta, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ma'aikatan da suka ɗauke mu, da waɗanda suka yi jinyarmu, na gode.

Jama'a, garwashi ya zauna cikin murhunsa, ƙofarsa a rufe. Kada a kai shi ɗaki, komai sanyi. Kada a toshe kafar iska. A sa na'urar gargaɗin wannan guba a sama da ƙasa. Tamu a lokacin a falo kaɗai take, shi ya sa ba ta yi ƙara ba. In ciwon kai yana sakinka a waje yana kama ka a gida, ka fita da iyalinka nan take. Likita kuma in ya tambaya, a faɗa masa duka.

Na so in sa wannan rubutu ba suna, in ce wani bawan Allah ne. Na karanta wa Hadiza, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, matan da ke da kasko a garin nan sun san ka. Sa sunanka."

Ni ne Bashir, mijin Hadiza. Ni na kai garwashin.