Ƙumbar da Na Mayar Ruwa

Jiya maƙwabciyata a Waziriyya, unguwarmu a nan Jidda, ta kawo mini kifi a leda, ƙarnin ya tsaya mini a maƙogwaro har na kasa cin abinci. Irin ƙarnin hannun kakana ne.

Kakana masunci ne, a Jidda aka haife shi, iyayensa sun zo hajji suka zauna. Dukiyarsa duka ɗan kwalekwalen katako ne, shi ke ciyar da gidanmu. Ba ya sayen abin da ruwa zai ba shi kyauta. Jarkar roba in ta taso kan bahar, wato teku, sai ya tsamo ta ya ɗaura wa ragarsa don kada ta nutse.

Wata bazara, ina 'yar shekara tara, ya tsamo wata jarka da ƙumba ta lulluɓe, ƙanana baƙaƙe, ba irin tamu ba. Ya juya ta ya daɗe yana kallo, sannan ya kankare su cikin bokiti.

"Amarya, kai su can kan yashi rana ta gasa su. Ban san asalinsu ba."

Ni kuwa na ga suna buɗe baki, tausayi ya kama ni. Da ya juya baya na juye su a ruwa, gindin kwalekwalensa.

Bayan shekara biyu sun cika ƙasan kowane jirgi a wurin. Kwalekwalen ya yi nauyi, ba ya gudu. A kankare yau, wata mai zuwa sun dawo. Hannun tsohon ya tsattsage, gishiri na shiga. Daga baya ƙarfinsa ya ƙare, ya ce halas, shi ke nan, ya bar kwalekwalen ya ruɓe a gaɓa.

Shekara goma sha biyar na ɗauki abin nan a raina. Sai da ya kwanta ciwon ajali na faɗa masa, ina kuka.

"Ai na gan ki ranar," ya ce. "Jarka nawa ruwa ke kawowa kullum? Wataƙila ke ce, wataƙila ba ke ba ce. Ba ni ruwa in sha."

Yanzu an shimfiɗe gaɓar da siminti, masuntan sun watse, robar da ke yawo kan bahar kuwa ta fi ta da yawa. Na gaji da tambayar kaina. Shi da zai ce mini ba ni ba ce, bai iya ƙarya ba.