Mayen Ƙarfen Malam Habila

Malam Habila ya yi shekara goma sha takwas yana koyar da aji shida a Dayi. Ɗan manomin auduga ne, karatun mishan ya yi, kuma duk abin da ya ji a rediyonsa da safe sai ya kai wa yara tun da zafinsa.

A shekarar 1979 ya ji cewa wani kumbo ya gifta ta gefen Mushtari, babbar duniyar nan, ya gano zobe mai haske kewaye da ita. Ya bayyana wa ajinsa cewa ɗaya daga cikin watanninta ne ke aman farar wuta, ita kuwa Mushtari ƙaton mayen ƙarfe ce, sai ta kama hayaƙin ta yi ta juya shi har ya ɗau zafi yana haske.

Yara suka kai labari gida, amma "ƙarfe" ya faɗi a hanya. Gari ya ɗauka wai Malam na koyar da maita, wai akwai maye a sama mai kama kurwar wata. Ran Litinin yara tara suka zo cikin arba'in. Hedimasta ya ce in mako ya ƙare a haka, ajin zai watse, shi kuma a mai da shi wani gari.

Bai yi musu da kowa ba. Ranar kasuwa ya kwance rediyon nan nasa guda, ya ciro mayen ƙarfen lasifika, ya roƙi garin ƙarfe wurin Ɗanasabe maƙeri. Ya je ya tsuguna gaban Tasalla mai sai da kanwa da farar wuta, wadda ita ce ta fara hana jikokinta zuwa makaranta. Ya barbaɗa garin a kwali, ya kara mayen daga ƙasa. Garin ya miƙe tsaye, ya yi zobe.

Tasalla ta daɗe tana kallo.

"To, Malam, mayen naka ƙarfe kaɗai yake ci?"

"Shi kaɗai, Inna. Na saman kuma irin hajarki yake kamawa."

"Farar wuta? To ka ce ya sauko da kansa, ba na ba ɗan aike."

Washegari ta rako jikokinta, ta tsaya a taga har aka tashi tara. Kafin Juma'a bencuna sun cika.

Rediyon bai ƙara magana ba. Malam ya koma jin labarai a shagon tela, mayen kuwa yana aljihunsa, manne da makullan aji, har ya yi ritaya.