Layin Ajami a Gefen Hukunci

Har yau idan motarmu ta bar Bodinga ta miƙi hanyar Shagari, akwai wurin da nake juya fuskata ga ɗaya tagar. A nan fadamar take, ƙasa da titi kaɗan, kuma albasa ake shukawa a cikinta kamar dā. Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana nomanta. Ni ce na raba shi da ita, da takarda uku da na ɗauko daga ɗakin karatun sashen shari'a, ina aji uku a jami'a a Sakkwato.

Asalin fadamar rabon Baffa ce, ƙanen Baba, a gadon kakanmu. Tun yana saurayi ya tafi kudu fataucin shanu, ya ce wa Baba ya riƙa nomawa kada ta zama daji. Baba ya noma. Ya haƙa rijiyoyi, ya kai taki da jaki, da albasarta ya aurar da yayyena, da ita ya kai ni makaranta. Malamin allo ne, yana da zaure da ɗalibai, amma kowa ya san fadamar ce ke ciyar da gidan. Da Baffa ya tsufa, fatauci ya ƙi, sai ya dawo gida da iyalinsa ya ce yana son abinsa. Mai gari da liman suka shiga tsakani. Suka ce a raba ta biyu, tunda ɗaya ne mai ƙasa, ɗaya kuma ya zuba mata ƙarfinsa. Baffa ya yarda. Baba ma ya kusa yarda, aka sa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a zauna a kammala.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Ina da zafin kai tun ina ƙarama, kuma shekara uku na karatun lauya ba su rage komai ba, ƙara min baki suka yi. Mutum ya tafi ya bar ƙasa shekara talatin, ko kwandon taki bai taɓa aiko mata ba, yanzu ya dawo a yanka masa rabi? Na ce wa kaina lallai akwai abin da doka ta ce, kuma ni zan nemo shi.

A lokacin ina zaune a Bodinga wurin gwaggona, kullum ina shiga bas zuwa makaranta. Sau da yawa bas ɗaya muke shiga da mai kula da ɗakin karatunmu, wani dattijo ɗan Bodinga da kowa ke kira Malam. Siriri ne, ba ya son hayaniya, kuma kullum akwai fensir a maƙale a gefen hularsa. Ɗakin nasa dogo ne, kantoci cike da kundayen hukunce-hukuncen manyan kotuna, jere bisa shekara. Akwai akwatin katunan neman littattafai kusa da ƙofa, da 'yan kwamfutoci a kusurwa waɗanda ke aiki idan wuta da intanet sun haɗu a rana ɗaya. Malaman sashen ma wurinsa suke zuwa. Mutum ya rubuta abin da yake nema a 'yar takarda ya ajiye a kan teburinsa, washegari ya tarar da kundaye a jere, an saƙa tsinken takarda a kowane shafi.

Yana da wata al'ada tasa. Duk lokacin da sabon kundi ya iso, sai ya zauna ya karance shi. In ya ga sabon hukunci ya rushe wani tsoho, sai ya tashi ya je ya zaro tsohon, ya rubuta a gefen shafin da fensir cewa an soke shi, ya sa lambar kundin da za a duba. Da ajami yake rubutawa, don hannunsa ya fi sauri a nan, lambar kaɗai ce da boko. Mu ɗalibai idan mun gan shi tsakanin kantoci da fensir sai mu ce Malam ya tafi yi wa hukunci jana'iza. A makon farko na kowace shekara yakan tara sababbin ɗalibai ya nuna musu katuna da kundaye, ya rufe da magana ɗaya: kada ka ɗauki hukunci ka fita da shi sai ka tambaya ko yana da rai.

Ranar Laraba na samu abin da nake nema. Tsohon kundi ne, bangonsa ya fara cin kansa. Hukuncin ya yi magana a kan hauzi, wato mutum ya daɗe yana riƙe da ƙasa yana amfani da ita, mai ita yana raye bai ce komai ba. Alƙalan suka ce bayan shekaru masu yawa ƙasar ta zama ta mai riƙon, ko da aro ya fara shigarta. Na karanta sau biyu don murna. Sannan na ga layin fensir a gefe, siriri, daga sama zuwa ƙasa. Na iya ajami tun kafin na iya boko. An rubuta: an soke wanga, duba gaba. Ga lamba a ƙarƙashi.

Na je kanta inda lambar ta nuna, na tarar da gurbi. Na koma wurin Malam da tsohon kundin a hannu.

Ya ɗaga gilashinsa ya duba. "Ɗiyata, wanga ya mutu. Ba ki ga na rubuta ba?"

"Na gani, Malam. Ina wanda ya soke shi?"

Ya buɗe littafin aro. Wani malaminmu ne ya ɗauka, ya kulle a ofis, ya yi tafiya. "Cika takarda ki aje. Litinin in sha Allahu shina bisa teburin ga. Ko ki dawo gobe, in anka kawo wuta mu neme shi ga kwamfuta."

Na ce ba ni da gobe, Juma'a ake zama. Ya tambaye ni wane zama, na ba shi labari a tsaye, a gurguje. Ya ce in gaya wa mahaifina ya nemi a ɗaga zaman mako guda, babu wanda zai ƙi. Ni kuma na ce masa, da bakin nan nawa, ai ba kowane rubutun fensir ne hukunci ba. Ya cika takardar da kansa, ya karɓi kundin ya ɗaukar min hoton shafi ukun a inji, ya miƙo min.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi haka. Na san ƙa'idar, har na rubuta ta a jarrabawa na ci: a kotu, hukuncin babbar kotu da ya zo daga baya shi ke shafe na farko. Amma a zauren Baba na girma. A can idan malamai biyu suka saɓa, wanda ya kawo maganar magabata mafi tsufa shi ke da rinjaye, kuma littafin da takardarsa ta yi ja ya fi sabo kwarjini. Da na riƙe wannan tsohon kundi mai ƙamshin ajiya, zuciyata ba ta yarda cewa abin da ke ciki zai iya mutuwa ba. Kuma ina so ya zama gaskiya. Wannan shi ne babban dalilin, sauran duk ado ne.

Ranar Alhamis bayan la'asar na isa gidanmu a Shagari. Baba yana zaure shi kaɗai a kan buzunsa, ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Lauya ta iso," kamar yadda yake tsokanata. Na fassara masa hukuncin layi bayan layi. Ya saurara, kansa a sunkuye. Da na gama ya miƙo hannu na ba shi takardun.

Baba bai san harafin boko ko ɗaya ba. Ya bi shafin da ido kamar mai duba gonar wani, har ya kai gefe. Injin ya ɗauko fensirin, dishi-dishi, amma ya fito. A duk shafi ukun nan, layin nan kaɗai ne Baba zai iya karantawa da kansa. Ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya karanta a fili, a hankali.

"An soke wanga. Duba gaba." Ya dube ni. "Wa ya rubuta? Mi anka soke?"

Na ce wani tsoho ne a ɗakin karatu, haka yake cika littattafai da rubuce-rubuce, ba alƙali ba ne, ba lauya ba ne.

"Hannun nan na mai karatu na," in ji Baba. Ya ƙara kallon layin. Sannan ya ninke takardun ya ce, "To. Ke kinka yi boko. In kin ce haka, haka na."

Washegari bayan Juma'a ya gaya wa mai gari da liman cewa ba zai raba ba, a je kotu. An ce liman ya roƙe shi har sau uku. Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita.

Ranar Litinin na shiga ɗakin karatu, daga ƙofa na hango kundin a kan teburin Malam, da tsinken takarda a tsakiyarsa. Na juya. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, ya fi ƙaryar zaure. A ranar ba a shigar da ƙara ba tukuna. Da na buɗe shafin nan, na shiga mota na je na durƙusa na ce Baba na yi kuskure, da liman ya gyara maganar kafin magariba. Kunya ta hana ni. Na daina shiga bas ɗin safe don kada mu haɗu da Malam, na koma karatu a ƙarƙashin bishiya. Wata ƙawata ta ce min kundin yana nan a ƙarƙashin teburinsa, ya hana kowa ɗauka, wai akwai mai shi.

Shari'ar ba ta daɗe ba. Baba ya je da takarduna, ya kuma faɗa da bakinsa cewa aro ƙanensa ya ba shi, don bai iya ƙarya ba, kuma na ce masa hakan ba zai cutar ba. Lauyan Baffa ya miƙe da hukuncin da ban karanta ba. Babbar kotu ta riga ta ce wanda ya shiga ƙasa da aro, tsawon shekaru ba ya mayar da ita tasa. Alƙali ya ba Baffa fadamar duka, har da rijiyoyin. Rabin da aka yi wa Baba tayi a zaure ya tafi tare da sauran.

Baba bai taɓa ce min komai ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya koma noman gero a 'yar gonar tudu, gidan ya rage cefane, shi da Baffa kuma sai gaisuwar jana'iza. Idan na zo hutu yakan ce "Lauya ta iso" kamar kullum, ni kuma sai in ji kamar in nutse.

Bayan hukuncin na koma wurin Malam. Bai tambaye ni yadda aka ƙare ba, labari ya riga ni zuwa Bodinga. Ya sunkuya ya ɗauko kundin ya ajiye a gabana, ya koma kujerarsa. Na karanta a tsaye. Shafi biyar ne kawai, ko rabin awa bai ɗauke ni ba.

Yau ni ce a kan wannan tebur. Na yi aikin lauya 'yan shekaru, ban ji daɗinsa ba, da Malam ya yi ritaya na nemi gurbinsa. Yanzu kwamfutocin sun yi yawa, akwai na'urar lantarki mai aiki da hasken rana a kan rufi, kuma idan ka buɗe hukuncin da aka soke, jar alama ce ke fitowa a samansa. Duk da haka ɗalibai suna tsallake ta. Ina ganinsu, masu sauri, masu abin da suke so ya zama gaskiya. Nakan tashi in tsaya a bayan kujerar yaro in ce ya danna jar alamar ina kallo. Sun ce na cika faɗa, kuma gaskiyarsu ne. Tsofaffin kundayen suna nan da fensirin Malam, na hana a goge ko layi ɗaya.

Baba ya rasu bara. Da aka zo raba littattafansa, yayana ya miƙo min gafakarsa ta fata, ya ce akwai takardun boko a ciki, wataƙila nawa ne. Suna can ƙasa, a naɗe cikin ƙyalle tare da rubuce-rubucensa. Shafi ukun nan ne. Bokon ya koɗe har ba ya karantuwa sosai. Amma layin gefe baƙi ƙirin yake. Baba ya bi kan fensirin Malam da tawadarsa da alƙalaminsa na kara, harafi bayan harafi, yadda yake yi wa duk rubutun da yake tsoron ya ɓace. Har lambar boko ta ƙasa ya bi, yana kwaikwayon siffarta, shi da bai san me take nufi ba.

Ban san yaushe ya yi ba. Ko bayan an karɓe fadamar ne, ko kuwa a ranar Alhamis ɗin nan ce, bayan na fita daga zaure, kafin ya je ya gaya wa liman abin da 'yarsa ta ce. Babu wanda zan tambaya. Takardar tana cikin aljihun teburina a ɗakin karatu, kuma kowace safiya sai na ɗaga ta kafin in ɗauki makullin kantoci da ke ƙarƙashinta.