Mutawakil Garuba, Mai Littattafan Bakin Tasha

Da an idar da sallar asuba, Malam Mutawakil Garuba zai sayi koko a wajen Damata, ya koma ɗakinsa da ke bayan babban kwatamin unguwar Nima, ya jawo benci bakin ƙofa inda haske yake. Nan zai yi ta rubutu har rana ta take. Da yamma ya hau trotro, motar haya, zuwa New Town ya kai wa masu buga littafi. Haka ya yi sama da shekara talatin. Bana ya ajiye alƙalami, don idanunsa sun daina ganin layi.

Ko shi bai san yawan abin da ya rubuta ba. Ƙananan littattafai ne masu arha, bangonsu da zanen ɗan fashi ko aljana mai dogon gashi, ana tallarsu a tashar mota. Malaman makaranta suka ce shirme ne. In an gama karantawa, masu ƙosai su yi ƙunshi da su. Bai taɓa yin musu a kai ba.

Amma a tambayi Sahada, mai ɗinki a unguwar Maamobi. A shekarun da dillalai suka cika unguwa suna kwasar 'yan mata zuwa aikatau a ƙasashen waje, ita da ƙawarta Nasira sun riga sun miƙa wa wani dillali fasfo. Sai wani littafin Malam ya faɗo hannunta, labarin yarinyar da aka ƙwace wa waya aka kulle ta a gidan da take aiki. Daga bakin waɗanda suka dawo ya ji shi, sunaye kawai ya canza. Sahada ta je ta same shi.

"Baba, wannan gaskiya ne?"

"'Yata, kullum ƙarya nake sayarwa. Wannan kam ban iya ƙara masa komai ba."

Ta karɓo fasfonta. Nasira ta ce labari ne kawai, ta tafi. Ba a shekara ba aka kira uwarta a waya, aka ce Nasira ta faɗo daga bene. Ko gawarta ba a kawo ba.

Littafin ya bazu, dillalai suka ji a jikinsu. Wata Juma'a bayan an taso daga masallaci, wasu samari suka tare Malam a lungu, suka ɗora hannunsa na dama a kan bulo, suka sauke masa ƙarfe. Basit wanzami ne ya kai shi asibiti. Ba a kama kowa ba. Yatsun ba su sake miƙewa ba, sai ya koyi rubutu da hagu, gemunsa ya riga ya yi fari. Daga baya matarsa Sala ta rasu. A wata damina kuma kwatami ya cika ya shiga gidaje, ruwa ya cinye duk littattafan da ya ajiye.

Makon jiya na je gaishe shi, na ce Sahada tana yi masa addu'a. Sai ya ce:

"Da na iya rubutun sosai, da Nasira ba ta tafi ba."

Malam, ba haka ba ne. Kai ne ka sa yawancinmu muka so karatu ba tare da bulala ba. Kai ne ka sa unguwanninmu Nima da Kotobabi a littafi, lokacin da jarida ba ta ambatonmu sai an yi kisa. Na hannun hagu, mai hana 'yan tasha gyangyaɗi, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ji ƙan Sala.

Matasan da ke rubutu a waya yanzu, ku dubi lungunku ku faɗi abin da ke cikinsa, kamar yadda ya yi. Duk kuma wanda ke da tsohon littafinsa a ƙasan akwati, ya fito da shi ya kai masa. Yana nan da rai, shi kaɗai a ɗaki, ba ya iya karanta ko layi ɗaya na abin da ya rubuta. Ku je ku karanta masa.