Jirgin da Yaya Ummaru Ya Hana Bature

Daminar bana ta cika shekara talatin da ɗaya da rasuwar wana, Yaya Ummaru, mai jirgin fito na Tungar Marke, can ƙetaren gulbin Rima tsakanin Wurno da Goronyo. Ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Ni da aka sa makaranta, ni na yi ɓarnar da ya gyara, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba.

Zamanin Turawa ne, ina sabon malamin hakimi, kaina ya fi rawanina girma. Hukuma ta ce za ta gina ɗakunan magani a ƙauyuka, amma da sharaɗi: duk wurin da za a fita da safe a isa gari kafin hantsi ya ɗaga, ba ƙauye ba ne, unguwar gari ce, mutanensa su riƙa zuwa ɗakin maganin gari. Aka haɗa ni da Baturen likita mu zaga mu rubuta. Da bazara muka fita, gulbi ya ƙafe sai yashi. Daga Wurno, kafin dawaki su jiƙe da gumi mun isa Tunga, mahaifata. Bature ya dubi agogo, ni kuwa na rubuta da hannuna cewa mu unguwar Wurno ce. Kuma wallahi daɗi na ji! Mu da ake tsokana a kasuwa da ƙauyawan fadama, ga takarda ta mai da mu 'yan birni. Har albarka dattawa suka sa mini.

Yaya ne kaɗai bai yi murna ba. Damina biyu kafin nan matarsa Hassu ta rasu a cikin jirginsa. Naƙuda ta tsananta, ruwa ya shafe fadama, ya yini yana tuƙi bai kai ta gaci ba. Ya dube ni ya ce, "Kai Bello, da rani anka auna mu? Mi kas sani na gulbi?" Na ce takarda ta riga ta tafi Sakkwato.

Da damina ta yi tsaka, Baturen nan ya dawo zai ƙetara duba masu agana, ina tare da shi a matsayin tafinta. Muka tsaya bakin ruwa, dogari ya ƙwala kira a kawo jirgi. Yaya ya matso, ya kafa gorarsa ta tuƙi nesa kaɗan da gaci, ya ce, "Ranka shi daɗe, takardarku tac ce tahiyar hantsi ce bisa doki. To ga doki nan, ku hau." Na yi jinkirin fassara wa Bature. Ana iya ƙwace jirgin a ɗaure Yaya, ni ma aikina ya tafi. Dogari har ya ɗaga bulala. Yaya ya ce, "Hwaɗa mishi, Bello, kak ka rage komi." Na faɗa masa.

Fuskar Bature ta yi jawur, can sai ya tambaya, to tafiyar nawa ce a ruwa? Yaya ya ce ya shigo, ya riƙe agogonsa. Muka ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya haɗiye, muna kauce wa igiyar ruwa, azahar ta wuce, la'asar ta yi. Kusa da wani itacen marke da ruwa ya kai wa wuya, Yaya ya tsai da jirgi ya ce, "Nan Hassu tac cika." Bature ya cire hularsa. Da muka koma aka nemo takardar, ni ɗin dai na soke rubutuna.

Ɗakin magani mai ɗaki biyu aka gina mana, na laka da rufin kwano. A nan aka ceto ɗiyata Hajo daga zazzaɓi wata damina da ko kada bai so ƙetarawa ba. Ita ce yau take rubuta mini wannan, don idona ya tafi.

Kwanan nan na ji a rediyo ana ta gardama kan wane gari ne karkara, wane ne ba karkara ba, don rabon tallafin lafiya. An ce yanzu daga ofis ake duba taswira a waya, a ja layi. Ban ƙi ci gaba ba, amma na san yadda hannu ke saurin rubutu idan ƙafa ba ta jiƙe ba. Da Yaya na nan, na san ba zai yi dogon bayani ba. Tambaya ɗaya zai yi: da wane wata anka auna?

Jirginsa ya ruɓe tuntuni, bai bar ɗa ba, ko hotonsa ba mu da shi. Amma duk wanda aka yi wa allura a Tunga da damina, ya sani ko bai sani ba, albarkacin taurin kan Yaya ya ci. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Hassu. Mai son sanin ko mu ƙauye ne kuwa, ya zo lokacin da gulbi ya cika, ya zo da mara lafiya a hannu.