Numfashin Jariri

Shekara talatin Baba Mai Fure ya yi yana rainon tsirrai a baƙaƙen ledoji, a ɗan filin da ke bayan gidan mai. Bai iya karanta Turanci ba, bai kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ganye ɗaya zai murza ya gaya maka ƙishi ke damun tsiro ko tsutsa. Mai saye kuwa ba ya yi masa ƙarya: in fure ba zai rayu a gidanka ba, zai faɗa maka ko da ciniki zai lalace.

Sunayen da ke jikin fakitin iri, wannan aikin Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe. Tun tana firamare take zama kan bokitin ban ruwa tana fassara masa. Ita ta gaya masa mai faffaɗan ganyen nan kunnen giwa Turawa ke ce masa, mai farin gashin kuma gemun tsoho. Ranar da ta karanto “mother-in-law's tongue” ta ce harshen suruka ke nan, sai da Baba ya saki almakashi.

“Harshen wa? Kai, mutanen nan ba su da kunya!”

Ya dubi dogon ganyen mai kaifin baki, dariya ta ci ƙarfinsa. Amma duk ranar da surukarsa za ta biyo ta wurin, sai ya tura tukwanen bayan tanki.

Auta ta girma, ta yi aure, fassara ba ta tsaya ba. Sai bana ta haihu bakwaini, 'yar mitsitsiyar yarinya, aka sa ta a kwalba da robar iska a hanci. Likita ya ce huhunta ake jira ya yi ƙwari. Kwana biyar ba wanda ya ga haƙoran Auta, abin ya tsaya wa Baba a rai.

Rana ta shida aka kawo masa sabon iri, fakiti mai hoton fararen furanni ƙanana kamar barbaɗin gishiri. Ya sa a aljihu ya nufi asibiti, yana murna ya samo abin da zai ba ta dariya.

“Auta, duba mana. Yau kuma wace ɓarna suka yi?”

Ta karɓa tana murmushin ƙarfin hali. Ta karanta, ta sake karantawa, murmushin ya gushe.

“Numfashin jariri, Baba. Sunansa ke nan.”

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya miƙa hannu zai karɓe fakitin, ta riƙe gam.

“Baba, irin wannan yana rayuwa?”

Ya san ba fure take tambaya ba. Ya so ya ce mata ƙwarai kuwa, bakinsa ya ƙi.

“Ban taɓa shuka shi ba, 'yata. Amma yau zan shuka, kuma ba zan ɗauke ido a kansa ba.”

Da la'asar ya tankaɗe ƙasa da rariya, ya barbaɗa irin a tire, ya yi masa rumfa da tsohon buhu. Ruwa ma da yatsu yake yayyafawa. Kowace safiya sai ya kai wa Auta rahoto, ita ma ta ba shi nata: bai fito ba tukuna, ba a cire robar ba tukuna.

Ranar da tsiron ya yi ganye huɗu, nas ta tare shi a ƙofa ta ce ya wanke hannu ya shigo. Jikarsa na kwance a ƙirjin uwarta, hancinta ba roba. Baba ya sunkuya, ya kai bayan yatsansa kusa da ɗan hancin. Ɗumi ya taɓa shi, kaɗan, ya tafi, ya dawo. Rahoton da ya zo da shi ma ya manta. Yana nan sunkuye, hawaye na bin gemunsa, har Auta ta ce, “Baba, zauna mana, bayanka zai yi ciwo.”

“Bari tukuna,” ya ce. “Bari in ƙara ji.”