Akuyar da Ta Ƙi Sauka daga Keke

Ina rubuta wa yara waƙoƙin ban dariya, amma ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Shekara da shekaru, mai gwada mini waƙa ita ce 'yar maƙwabtana a unguwar Rikkos, wasu 'yan ƙabilar Ibo masu shagon kayan mota. Da na gama rubutawa sai in leƙa ta katanga in kira ta. Idan ta yi dariya har ta kife a tabarma, na san waƙa ta yi. Idan ta ce, "Mama, wannan ba daɗi," sai in yaga takardar.

Daga baya suka koma garin Bukuru, shekaru suka wuce. Na ci gaba da rubutu, ina karanta wa kaina a ɗaki. Bara na yi wata waƙa a kan akuyar da ta shiga Keke Napep ta ƙi sauka sai an kai ta kasuwa. Ni dai ta ba ni dariya, amma ban yarda da kunnena ba, sai na hau motar Bukuru.

Na tarar da yarinyar a shagon babanta, ta zama budurwa. Ta rungume ni, ta kawo kujera da lemo. Na karanta mata, har kukan akuyar na yi. Ta saurara da ladabi, amma ba ta yi dariya ba.

"Ya yi kyau sosai, Mama," in ji ta, tana murmushi.

Muka ɗan taɓa hirar damina, na yi sallama. A hanya ruwa ya tsuge har na iso gida.